Gidan Wasan Tabor Na Garin Leadville

Mu da muke rubuta wasan kwaikwayo mun saba da kukan rashin dandali da rashin mai ɗaukar nauyi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu leƙa tarihin wani gidan wasa da ya sami attajirin da ya gina shi tun daga tushe, mu ga yadda ta kaya tsakaninsu.

Leadville gari ne a jihar Kolorado ta ƙasar Amurka, can bisa duwatsu, sama da ƙafa 10,000 daga doron teku. Azurfa ce ta tara mutanensa. Daga cikin waɗanda suka riga kowa zuwa akwai wani mai kanti, Horace Tabor. A shekarar 1878 ya bai wa wasu mahaƙa biyu bashin abinci da kayan aiki, bisa sharaɗin duk abin da suka samu kashi ɗaya cikin uku nasa ne. Ba a jima ba suka faɗa kan azurfa a ramin da aka sa wa suna Little Pittsburg. Mai kanti ya wayi gari attajiri.

To, kuɗi in sun samu sai su nemi suna. A 1879 Tabor ya sa aka gina gidan wasa na jan bulo, bene hawa uku, cikin kwana 100 kacal. Abin lura shi ne, layin dogo bai iso garin ba sai a 1880, wato ke nan kujeru da labule da fitilun gas duk a kan amalanke aka hauro da su ta mashigin duwatsu. An buɗe gidan ranar 20 ga Nuwamba, 1879. A makon nan kuwa wasu mutanen gari suka fasa kurkuku suka rataye mutum biyu ba tare da shari'a ba. Mai karatu sai ya auna irin garin da aka kai wa wasan kwaikwayo.

Baƙon da ya fi kowane barin labari shi ne marubucin nan ɗan ƙasar Ailan, Oscar Wilde, wanda ya yi lacca a gidan cikin watan Afrilu na 1882. Batun ado da ƙawa ya kawo wa mutanen da suka yini da diga a hannu. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya karanta musu tarihin Benvenuto Cellini, wani gwanin maƙerin zinariya da azurfa na ƙasar Italiya, sai suka yi masa ƙorafin me ya hana ya zo da shi. Da ya gaya musu ai mutumin ya daɗe da mutuwa, sai suka nemi sanin wanda ya harbe shi. Wilde dai mutum ne mai sa gishiri a zance, ba kuma za mu rantse a kan wannan ba. Amma tabbas mahaƙan sun karɓe shi, har suka zura shi cikin ramin Matchless, mallakar Tabor, suka yi masa liyafa a ƙarƙashin ƙasa.

Arzikin gidan duk a kan farashin azurfa ya rataya. Tun 1890 wata doka mai suna Sherman ta wajabta wa gwamnatin Amurka sayen azurfa kowane wata. A 1893 aka soke dokar, farashi ya faɗi warwas, ramuka da yawa suka rufe. Tabor, wanda ya taɓa zama mataimakin gwamnan jihar, har ya ɗana kujerar sanata ta wata guda a 1883, ya rasa kusan duk abin da ya mallaka, har da gidan wasan. Ya rasu a 1899 yana riƙe da aikin shugaban gidan waya na birnin Denver. Matarsa ta biyu, wadda ake kira Baby Doe, a wata bukka kusa da ramin Matchless aka tsinci gawarta a 1935, sanyi ya sandarar da ita.

Gidan kuwa ya yi ta sauya hannu. Ƙungiyar zumunta ta Elks ta saye shi a 1901, ta faɗaɗa dandalinsa. Bayan shekara hamsin da 'yan kai sai aka fara zancen rushe shi. A nan ne, a ganinmu, tarihin ya fi daɗi, domin wadda ta tare wannan rusau ba attajira ba ce. Evelyn Furman mai sayar da injin wanki ce a garin. Ta saye ginin a tsakiyar shekarun 1950, ta yi shekaru da dama tana zagayawa da baƙi cikinsa da kanta, har ta rubuta littafi a kan tarihinsa. Tabor ya riƙe gidan shekara goma sha huɗu; ita da iyalinta sun riƙe shi kimanin shekara sittin.

A 2016 hukumar garin Leadville ta sayi ginin domin gyara. A 2020, da masu bincike suka hau rufin bene suna kwashe ƙura, suka tarar da ɗimbin labule da allunan dandali masu zanen hannu, na daji da ɗaki da titi, waɗanda aka jibge tun lokacin gyaran Elks, wasunsu kuwa tun na zamanin Tabor ne.