Ƙwai a Baka: Tarihin Cinikin Kwatabak a Ƙwallon Amurka

Maƙalar yau za ta kai mu Amurka, wajen wani wasa da ba a cika nunawa a gidajen kallonmu ba, amma tarihin kuɗinsa ya cancanci a zauna a karanta.

Wasan shi ne ƙwallon nan mai kama da zari-ruga, wadda ake bugawa da hular kwano da sulke a kafaɗa. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 53, sha ɗaya ke shiga fili a lokaci guda. A cikin sha ɗayan nan akwai mutum guda da kusan kowane hari sai ya bi ta hannunsa: shi ke faɗa wa abokansa dabarar da za a bi, shi ake miƙa wa ƙwallo, shi kuma ke jefa ta. Ana kiransa kwatabak. Ku ƙaddara an haɗa kyaftin da lamba goma da mataimakin koci a jikin mutum ɗaya.

Duk da wannan matsayi, gwaninta kaɗai ba ta taɓa ɗaga farashinsa ba. Duk inda kuka ga albashin kwatabak ya yi tsalle, ku duba da kyau, za ku tarar an samu mai taya na biyu ne a kasuwar.

Dalili kuwa shi ne yadda ake shiga gasar. Yaron da ya gama wasa a jami'a ba shi ke zaɓen ƙungiya ba. Duk shekara ƙungiyoyi suna zama su raba sabbin 'yan wasa bi da bi, wadda ta fi kowa shan kashi a kakar bara ita ke fara zaɓa. Wanda aka zaɓa, da wannan ƙungiya kaɗai zai yi ciniki. Mai kayan da ke da mai saye ɗaya tak, ko ya ce albarka, wa zai je ya sayar wa?

A ƙarshen 1964 aka samu wani yaro mai suna Joe Namath daga Jami'ar Alabama, ya fito a daidai lokacin da gasa biyu ke kishin juna: tsohuwar NFL da sabuwar AFL. Ƙungiyar St. Louis Cardinals ta zaɓe shi a can, New York Jets ta zaɓe shi a nan. Shugaban Jets, Sonny Werblin, ya daɗe yana dillancin taurarin fim da mawaƙa, saboda haka ya san tauraro ake sayarwa kafin wasa. Gasar AFL kuma ta samu kuɗin talabijin daga tashar NBC. A Janairun 1965 Namath ya sa hannu kan dala 427,000, adadin da ba a taɓa ji ba ga wanda bai taɓa buga wasan ƙwararru ba. Attajiran ɓangarorin biyu suka ga wannan tayin zai cinye su. A 1966 suka amince su haɗe, daga 1967 aka koma rabon 'yan wasa guda ɗaya. Kasuwa ta sake komawa mai saye ɗaya.

Ko wanda kwantiraginsa ya ƙare bai tsira ba. Akwai ƙa'idar da aka laƙaba wa sunan shugaban gasar, Pete Rozelle: duk ƙungiyar da ta ɗauki irin wannan ɗan wasa sai ta biya tsohuwar ƙungiyarsa diyya, in ba su daidaita ba Rozelle ya yanke abin da ya ga dama. Ba wanda ke son sayen kayan da bai san farashinsa ba, sai kowa ya kame hannu. Kotu ta soke ƙa'idar a tsakiyar shekarun 1970, amma aka maye gurbinta da mai kama da ita.

Shi ya sa masu wayo suka riƙa nemo wata ƙofar da kansu. A 1983 Baltimore Colts ta zaɓi John Elway a matsayin na farko, shi kuwa ya ce ba zai je ba. Ya riga ya buga wasan besbol a ƙaramar ƙungiyar New York Yankees, ya ce in an matsa masa can zai koma. Colts ta haƙura ta miƙa shi ga Denver Broncos. Shekara guda bayan haka wata sabuwar gasa, USFL, ta ɗauke Steve Young da kwantiragin da jaridu suka ce na dala miliyan 40 ne. Sai dai mafi yawan kuɗin an tsara biyansu ne kaɗan-kaɗan cikin shekara 43. Ƙungiyar tasa ta Los Angeles Express ta talauce, gasar ma ta rushe, kaso mafi tsoka na miliyan 40 ɗin bai taɓa shiga aljihunsa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai a 1993, bayan yajin aikin 1987 da jerin shari'o'i, 'yan wasa suka samu 'yancin zuwa inda suke so idan sun cika shekarun da aka gindaya kuma kwantiraginsu ya ƙare. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna irin wannan ne hukuncin Bosman ya kawo a 1995. Amma attajiran Amurka ba su bayar a banza ba, sun karɓi abu biyu. Na farko iyakar albashi: adadin da ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan dukkan 'yan wasanta, wanda ya fara a 1994 da dala miliyan 34.6. Na biyu kuma abin da zan kira ɗaurin talala: kowace ƙungiya tana da damar riƙe ɗan wasa ɗaya na shekara guda ko da kwantiraginsa ya ƙare, muddin ta biya shi kwatankwacin albashin manya biyar masu buga irin matsayinsa. Kuɗi ne mai yawa, amma igiya ce.

Daga nan faɗan ya koma kan wani abu daban. A ƙwallon Turai, idan ɗan wasa ya sa hannu kan shekara biyar, galibi sai an biya shi ko da a benci ya ƙare. A NFL ƙungiya na iya sallamarsa a kowane lokaci, ta biya shi kawai abin da aka rubuta cewa an lamunce masa. Sauran adadin ado ne na kanun labarai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma duk ejan da ya san aikinsa kuɗin lamuni yake fara dubawa.

Misali mafi daɗin bayarwa shi ne Drew Bledsoe. A Maris 2001 New England Patriots ta ba shi kwantiragin shekara goma kan dala miliyan 103. A wasa na biyu na kakar ya ji mummunan rauni, aka sako wani yaro da aka zaɓa na 199 a rabon shekarar 2000, wai shi Tom Brady. Yaron ya ci kofi a wannan kaka, zuwa Afrilun 2002 an tura Bledsoe Buffalo. Shekara goman ta zama shekara guda.

Sabbin shiga kuwa sun sha daɗi na ɗan lokaci. Sam Bradford ya samu lamunin dala miliyan 50 a 2010 bai buga ko wasa ɗaya ba. A yarjejeniyar 2011 aka ƙayyade albashin sababbi, sai Cam Newton, wanda shi ma aka zaɓa na farko, ya tashi da miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga nan kwatabak nagari mai arha ya zama dukiyar da kowace ƙungiya ke mafarki. Brock Purdy, wanda aka zaɓa na ƙarshe dungurungum a 2022, ya kai San Francisco wasan ƙarshe yana karɓar abin da bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba.

Wanda ya fi burge ni a duk tarihin nan ba shi ne mafi gwaninta ba. Kirk Cousins ne. Washington ta ɗaure shi talala a 2016 kan kusan miliyan 20, ta sake a 2017 kan kusan miliyan 24. Ya ƙi karɓar dogon kwantiragin da bai gamshe shi ba, ya yi ta wasa da sanin cewa rauni ɗaya zai iya rusa komai. Ɗauri na uku ya yi wa ƙungiyar tsada, dole ta sake shi. A 2018 ya shiga kasuwa hannu sake, abin da da wuya ya faru ga kwatabak mai lafiya a ganiyarsa, Minnesota ta ba shi miliyan 84 na shekara uku, kowace dala da lamuni. Patrick Mahomes ya fi shi nesa ba kusa ba a fili, kuma a 2020 ya sa hannu kan miliyan 450 na shekara goma, amma da yawa daga masana cinikin suna ganin Kansas City ce ta ci riba, don ta kulle shi tsawon lokaci yayin da farashi ke ta hawa.

A Maris 2022 Cleveland Browns ta yi abin da ya tayar wa sauran attajirai hankali. Ƙungiyoyi da dama na zawarcin Deshaun Watson daga Houston, har ya riga ya cire Cleveland daga lissafi. Sai ta dawo da miliyan 230 na shekara biyar, duka da lamuni, ga kuma manyan guraben zaɓe uku da ta miƙa wa Houston. Ta yi haka ne alhali mata sama da ashirin sun maka shi a kotu kan zargin cin zarafi, zargin da ya musanta, daga baya ya sasanta da mafi yawansu. Gasar ta dakatar da shi wasa 11. Daga 2022 zuwa 2024 wasa 19 kacal ya buga, kuma dole a biya shi. A ganina wannan ciniki ya yi wa sauran 'yan wasa illa, don ya ba attajirai misalin da za su riƙa nunawa da yatsa. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar da ke tilasta wa ƙungiya ta ajiye kaso mai yawa na kuɗin lamuni a asusu tun da wuri, abin da ko attajiri ba ya so.

Wanda ya fara ɗanɗana wannan shi ne Lamar Jackson na Baltimore Ravens, gwarzon gasar na 2019, wanda ba shi da ejan, shi ke cinikinsa da kansa. A Maris 2023 Ravens ta yi masa ɗaurin talala mai sassauci, irin wanda kowace ƙungiya za ta iya tayawa, in Ravens ta kasa biyan daidai tayin sai a ba ta manyan guraben zaɓe biyu. Ba wadda ta taya. Matashi ɗan shekara 26, gwarzon gasa, a wasan da ake kukan ƙarancin kwatabak! A Afrilu ya karɓi miliyan 260 na shekara biyar, 185 daga ciki da lamuni, ya kuma sake zama gwarzo a wannan kakar.

Adadi dai bai daina hawa ba, saboda kuɗin talabijin na ta ƙaruwa, kuma 'yan wasa na da kusan kashi 48 cikin ɗari na kuɗin shigar gasar. Iyakar albashi ta kai miliyan 255.4 a 2024, shekarar da Dak Prescott na Dallas ya zama na farko da ya kai miliyan 60 a shekara. Amma ba a sake ba wani babban kwatabak dogon kwantiragi mai cikakken lamuni irin na Watson ba.

Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa ta shigar da ƙorafi tun 2022 cewa attajirai sun haɗa baki. A Janairun 2025 mai sasanci ya yi watsi da ƙorafin don hujjar haɗin bakin ba ta kai ba, amma ya tabbatar da cewa a taron masu ƙungiyoyi na Maris 2022, kwanaki kaɗan bayan cinikin Watson, hukumar gasar ta kwaɗaitar da su rage lamuni. An ɓoye hukuncin har sai da 'yan jarida suka bankaɗo shi a watan Yuni. A watan Yuli shugaban ƙungiyar ƙwadagon, Lloyd Howell, ya ajiye aiki cikin ce-ce-ku-cen da ya haɗa da wannan batu. Yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu za ta ci gaba da aiki har kakar 2030.