Araha Ba Ta Ado: Tarihin Tsofaffin Taraktoci a Ƙasar Gana



A 'yan shekarun nan wata sana'a ta shigo zangunanmu na Ankara da ƙarfinta. Mutum biyu ko uku daga Madina, ko Nima, ko Maamobi, sai su haɗa kuɗi, wani lokaci da gudummawar ɗan'uwa da ke Jamus ko Italiya ko Amurka, su sayi tsohuwar tarakta wadda Turawa suka gama cin moriyarta. A sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tema, a ɗora ta a babbar mota zuwa Ejura ko Tamale ko Yendi, ta riƙa yi wa manoma huɗa ana biya. Wasu sun ga alheri a ciki. Wasu kuwa maganarsu ta ƙare a zauren dattawa ana rabon asara, zumunci ya yi tsami. Da yawa daga cikin masu shiga wannan ciniki suna zaton sabon abu ne, alhali ƙasar nan ta fi shekara saba'in tana sayen tarakta, tana jefarwa, tana sake saye. Ya kamata mu san wannan tarihi kafin mu zuba dukiyarmu.

Kakanninmu sun san Gwanja a matsayin ƙasar fatauci, inda ayari ke sauka a Salaga ya ɗauki goro ya nufi Kano da Sakkwato. A wannan ƙasa ta Gwanja ne aka fara babban gwajin noman inji a arewacin ƙasar nan. A wajajen 1950 Turawan mulkin mallaka suka kafa kamfanin Gonja Development Company a Damongo, da nufin noma gyaɗa da hatsi a dubban ekoki, suka kwaso manoma daga yankin Frafra mai cunkoson jama'a suka zaunar da su a can. A lokacin Ingila na fama da ƙarancin man girki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa ta yi irin wannan yunƙuri a Tanganyika, ta kuma yi a Mokwa ta Nijeriya. Duk ukun sun faɗi. A Damongo share daji ya cinye kuɗi, ƙasa mai marmara da kututture ta riƙa karya garma, kayan gyara kuma sai an jira su daga ƙetare. Zuwa 1957, shekarar 'yancin kai, an naɗe tabarmar kamfanin.

Dakta Kwame Nkrumah ya ɗauki tafarkin da ya fi wannan faɗi. A ganinsa fartanya da adda ba za su iya ciyar da ƙasar da ke gina masana'antu ba. A 1962 aka kafa hukumar gonakin gwamnati, State Farms Corporation, wadda kafin 1966 ta mallaki gonaki fiye da ɗari. Ga kuma rundunar ma'aikata ta Workers Brigade da ƙungiyar manoma ta United Ghana Farmers' Council, kowace da nata gonaki da injuna. Aka shigo da dubban taraktoci, mafi yawa bashi, daga Tarayyar Sobiyet da Chekoslobakiya da Yugoslabiya da wasu ƙasashen Yamma. Rashawa da kansu suka taimaka wajen buɗe gonaki a Adidome da Afife da Branam, da wani gari a yankin Krachi mai suna Zongo Macheri.

Niyya ta yi kyau, amma aiki ya gamu da cikas iri uku. Na farko, an tara injuna na kamfanoni daban-daban, kayan gyaran wannan ba ya shiga wancan, sai ƙaramin ƙarfe guda ya ajiye tarakta wata da watanni. Na biyu, direbobi da kanikawa ƙwararru sun yi kaɗan. Na uku, tarakta ta gwamnati ce, direba albashinsa na tafiya ko ta yi aiki ko ta kwanta. Kafin a je ko'ina filayen tashoshin noma suka cika da injunan da ciyawa ta rufe, ana cire sassan wata ana tayar da wata.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatin Nkrumah. Sabuwar gwamnati ƙarƙashin Janar Ankrah ta rusa ƙungiyar manoman, ta rufe gonakin gwamnati masu yawa, aka sayar da injuna ga 'yan kasuwa da manoma a farashi mai rahusa. Daga wannan gwanjo ne masu taraktoci masu zaman kansu suka fara yawa a arewa. Abin lura shi ne, injin da ya gagari hukuma sai ga shi yana tashi a hannun mutum ɗaya, domin mai shi ya san in ya kwanta gidansa ne zai kwana da yunwa.

Jama'ar zango ba su ci moriyar wannan dama yadda ya kamata ba, domin wata guguwa ta taso musu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dakta Busia ta fitar da dokar korar baƙi, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su. Gidaje da rumfuna da motoci aka karyar da su a kuɗin da bai kai ya kawo ba. Madina a lokacin shekararta goma kacal da kafuwa, tun da a 1959 ne Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci jama'arsa daga Shiashie zuwa wannan wuri. Dattawanmu da suka ga wannan zamani sun san cewa arahar da mai saye ke murna da ita sau da yawa hawayen mai sayarwa ce.

Zamanin da tarakta ta yi tashe shi ne na Kanar Acheampong, wanda ya karɓi mulki ranar 13 ga Janairu 1972, ya ƙaddamar da shirin ciyar da kai, Operation Feed Yourself. Aka sauƙaƙa bashi ta bankin noma, Agricultural Development Bank, da sauran bankuna, aka sa rangwame a taki da iri da injuna. Aikin haɗin gwiwa na Gana da Jamus da ke Tamale ya yaɗa taki da sabon irin shinkafa. Fadamun Nasia da na Fumbisi da sauran kwarurrukan arewa suka cika da rurin injuna. 'Yan kasuwa da masu motocin haya, da alhazan Tamale, da ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja, kowa ya zama manomin shinkafa. A tsakiyar shekarun 1970 Gana ta kai ga noma shinkafar da ta ishe ta.

Wannan arziki yana da rauni a gindinsa. Tarakta ta yi araha ne saboda an ɗaure sidi a farashin da ya fi ƙarfinsa, kuɗin ruwan banki kuma bai kai saurin tashin farashin kaya ba, don haka wanda ya samu takardar izinin shigo da kaya ya samu inji kusan kyauta. Mutum ya ga sayen sabuwa ya fi masa sauƙi da gyaran tsohuwa. Sa'annan ga rikicin ƙasa. Masu kuɗi daga birni suka karɓi manyan fadamu ta hannun sarakuna, talakawan ƙauye suka koma 'yan ƙwadago a ƙasar iyayensu. A ƙarshen shekarun 1970 gobara ta yawaita a gonakin shinkafa gab da girbi, har masanin nan na Ingila, Jack Goody, ya yi rubutu a kan lamarin a 1980. Baƙon da ya shiga ƙasar mutane da inji ba tare da yardar zukatansu ba, ashana guda ta isa ta cinye masa shekara.

Shekarar 1983 ta zo da fari da gobarar daji da yunwa, ga 'yan Gana kusan miliyan guda da aka koro daga Nijeriya. A watan Afrilu gwamnatin Rawlings ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Sidi da ake canzawa 2.75 a dala guda ya koma 30 kafin ƙarshen shekarar, ya kai 90 a 1986. Aka janye rangwame sannu a hankali, aka buɗe ƙofa ga shinkafar waje. Sabuwar tarakta ta fi ƙarfin manomi, taya da batir da man dizal suka yi tsada. A nan ne kasuwar tsofaffin taraktocin Turai ta samu gindin zama.

Mai karatu zai tambaya, me ya sa cikin dukan samfurori jar Massey Ferguson ce ta mamaye wannan kasuwa? Asalinta daga Harry Ferguson ne, mutumin Arewacin Ayalan, wanda ya ƙirƙiro hanyar maƙala garma a bayan tarakta ta wuri uku, ana ɗaga ta ana saukewa da ƙarfin mai. A 1946 aka fara ƙera taraktarsa a masana'antar Banner Lane da ke Coventry, a 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, a 1959 suka sayi kamfanin injuna na Perkins. Samfuran 135 da 165, waɗanda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, an yi su da yawa ƙwarai, kuma injinsu ba shi da kwamfuta ko wayoyi masu rikitarwa. Da manoman Turai suka koma manyan injuna, sai waɗannan suka gangaro kasuwannin gwanjo, irin wanda ake yi kowane wata a Sutton kusa da Cambridge, inda dillalai daga ƙasashe da dama ke haɗuwa. An daina ƙera tarakta a Banner Lane a ƙarshen 2002, amma kamfanin Millat na Pakistan yana ci gaba da ƙera wasu samfuran da izini, kayan gyara kuma ba su yanke ba. Bakaniken Suame Magazine a Kumasi zai kwance injin Perkins ya ɗaure shi ba tare da ya duba littafi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai zumar da aka san inda aka ɗebo ta.

Gwamnati ta sake dawowa fagen a 2007 da cibiyoyin hayar injunan noma da ake kira AMSEC, inda aka ba 'yan kasuwa sababbin taraktoci irin su Farmtrac da John Deere da Mahindra a kan rangwame da biya sannu-sannu. Daga baya aka kawo wasu daga Brazil. Binciken cibiyar IFPRI ya nuna cewa da yawa daga cikin cibiyoyin sun kasa biyan bashinsu, injuna sun kwanta saboda rashin kayan gyara, yayin da mafi yawan huɗar da ake yi wa ƙananan manoma tsofaffin taraktocin manoma masu zaman kansu ne ke yin ta. Ciwon Damongo da na zamanin Nkrumah ne ya sake tashi.

Daga wannan tarihi mai niyyar saye zai iya fitar da lissafinsa. Ribar tarakta tana cikin 'yan makonnin huɗa ne. A arewa damina ɗaya ce, wanda injinsa ya lalace mako biyu a watan Yuni ya yi asarar shekara. Shi ya sa masu taraktocin Ejura, inda ake damina biyu, suke fara huɗa a gida, sa'annan su bi ruwa zuwa arewa, bayan girbi kuma su ɗaura injin casar masara ko tirelar dakon kaya. Manoma da yawa ba sa biya sai an girbe, wasu da hatsi suke biya, don haka dole mai tarakta ya tanadi kuɗin mai da na gyara tun kafin ruwan farko. Wanda ya kwashe jarinsa kaf ya zuba a sayen inji, ya sayi doki ne ba shi da kuɗin harawa. Haka nan mai zaune a Madina yana jiran lissafi ta waya daga direban da ke Gushegu, ya sani cewa ya maimaita halin gwamnatin da ta mallaki injin da ba ta gani.

Malamanmu sun karantar da mu a babin ciniki na Risala da Muhtasar cewa ba a sayen abin da ba a san sifarsa ba, kuma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Hoton da aka turo ta WhatsApp yana nuna sabon fenti, ba ya nuna hayaƙin inji ko yoyon mai ko giyar da ta cinye. Wannan shi ne cinikin biri a sama. A tura bakanike amintacce ya tayar da ita da sanyin safiya, ya ɗaga garma ya gani. A tambayi masu sayar da kayan gyara a Suame ko Tamale ko suna da sassan wannan samfur kafin a biya. In haɗin gwiwa ne, a rubuta kason kowa, da wanda zai ɗauki nauyin gyara, da ranar lissafi, a sa shaidu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. In kuma gona za a karɓa, a nemi yardar masu ƙasa da ta maƙwabta tare da ta sarki.

Masarar da ake aunawa a kasuwar Nima da ta Madina, mai yawa daga cikinta ta fito ne daga gonakin da waɗannan jajayen tsofaffi suka huɗe, don haka jarin da ɗan zango ya sa a noma jari ne mai albarka, ba mai hana shi. Abin da muke roƙo shi ne a shiga da ido buɗe, domin sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Dattawan da suka ga zamanin Acheampong a Tamale ko Fumbisi suna nan da rai a cikinmu, matasa su je su zauna da su kafin su aika kuɗi Turai.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye dukiyarmu da zumuncinmu.