Zinariya a cikin jini: maganin da har yanzu ake jira

A shekarar 1890, Robert Koch, likitan nan na Jamus, ya sanar cewa wani haɗin zinariya yana hana ƙwayar tarin fuka hayayyafa a cikin kwalbar gwaji. Da aka jarraba shi a jikin dabbobi, bai yi komai ba. Wannan rata tsakanin kwalba da jiki ita ce tarihin zinariya a likitanci har yau.

Duk da haka ba a haƙura ba. A shekarun 1920 aka yi ta yi wa masu tarin fuka allurar Sanocrysin, wadda aka haɗa a Danmak. Tari bai warke ba, ƙodar wasu kuwa ta taɓu. A 1929 Jacques Forestier, wani likitan Faransa, ya juya da gishirin zinariya zuwa ga ciwon kumburin gaɓoɓi, nan ne aka ga amfani. A 1985 Amurka ta amince da auranofin, ƙwayar zinariya da ake haɗiya.

Kafin nan, a 1978, an amince da cisplatin, maganin kansa da aka yi da ƙarfen filatinom. Sai masana suka ce, in filatinom ya iya, me zai hana zinariya? A kwalba kam, auranofin yana kashe ƙwayoyin kansa, ta hanyar toshe wani sinadari mai kare su, thioredoxin reductase.

Matsalar tana cikin jini. Zinariya tana da son sinadarin sulfa, shi kuwa albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini, yana da gurbin sulfa guda a buɗe. Da maganin ya shiga, sai zinariyar ta saki abin da aka haɗa ta da shi, ta manne wa albumin. Wani kason ya shige jajayen ƙwayoyin jini. Ke nan abin da ke isa ga ƙarin ba shi ne aka haɗiya ba.

Shi ya sa, ko da an gwada auranofin a kan masu kansar jini da ta ƙwan mace, har yanzu babu maganin kansa na zinariya da aka amince da shi. Masu bincike na neman haɗin da jini ba zai kwance ba, ko dabarar da albumin zai zama ɗan dako ya kai zinariyar inda ake so. Duk wanda ya tallata muku ruwan zinariya yana cewa maganin kansa ne, ku tambaye shi yadda ya tsallake jini.