Daga Tasawa zuwa Kainji: tarihin wutarmu da abin da ya rage mu haɗa da maƙwabta

Ranar 7 ga watan Afrilu, ranar da ƙasarmu ta ware wa sabbin makamashi, kullum tana faɗowa a tsakiyar bazara, lokacin da bantilata ke tsayawa da tsakar dare, yara na kuka, kowa ya jawo tabarma zuwa tsakar gida. An zaɓi ranar ne domin tunawa da rasuwar Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a shekarar 1991. Da yawa cikinmu da muka yi lakwal mun san sunan a jikin ƙofar jami'ar Yamai, amma ba a taɓa zaunar da mu an faɗa mana aikin da mutumin ya yi ba. Mu kanmu sai da muka shiga aikin rediyo, muna neman abin da za mu faɗa wa masu saurare a kan ɗaukewar kuran, sannan muka gano cewa hanya biyu ƙasar nan ta bi wajen haɗa kai da maƙwabta a kan wuta. Ɗaya mun riƙe ta, ɗaya mun sake ta. Su muke so mu bi yau ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta farko ita ce ta waya. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, shekarar da Najeriya ta kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wato wannan kogin Isa da ya ratsa Yamai. A lokacin manyan garuruwanmu da injinan gazuwal suke samun wuta, ga tsada, ga mai da sai an ɗauko shi daga bakin teku. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai, a 1976 kuma aka kunna layin kilovolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Mu na tsakiya da gabas sai a 1994 rabonmu ya zo, da layin da ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Arewa ita kam nata daban ne: gawayin Anou Araren da kamfanin SONICHAR ke ƙonawa tun farkon shekarun 1980 shi ke ba Agadas da ma'adinan Arlit wuta.

Gaskiya ɗaya ce, wannan ciniki ya yi mana rana. Wutar ruwa ta fi ta gazuwal arha nesa ba kusa ba, kuma da ita injin niƙa, walda da firijin mai ƙanƙara suka yawaita a garuruwanmu. Najeriya ma ba asara ta yi ba. Hukumominta sun sha faɗa da bakinsu cewa ba mu wuta hanya ce ta kiyaye ruwan da ke gangarowa Kainji, don kada a tare shi daga sama. To amma da sauƙi ya samu, sai muka miƙe ƙafa. Madatsar Kandadji da ake zancenta tun shekarun 1970 sai a 2008 aka aza tubalinta. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani da idonsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta saka takunkumi, a farkon watan Ogusta aka yanke layin. Sai bayan ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024 wuta ta fara dawowa. Ba siyasar lamarin muka zo tonawa ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da muka sani shi ne watanni fiye da shida tela ya zauna, mai walda ya zauna, mai sayar da ruwan sanyi ta yi asarar jarinta. Mu a gidan rediyo sau nawa muna tsakiyar labarai komai ya mutu, a ruga a tada gurup, in akwai mai ke nan. Darasin a fili yake: wanda ke riƙe da makunni, shi ke da wutar.

Hanya ta biyu ta girmi layin Birnin Kebbi, kuma ɗan Tasawa ne ya share ta. An haifi Abdou Moumouni a 1929. Ya yi makarantar William Ponty a Sanigal, ya wuce Faransa ya karanta kimiyyar fizik, ya samu agregasiyon a 1956, abin da ƴan Afirka ƙalilan suka taɓa samu a lokacin. Da Gine ta ce a'a ga De Gaulle a 1958, Faransawa suka kwashe malamansu, yana cikin waɗanda suka tafi Konakiri koyarwa. Daga nan ya je Tarayyar Sobiyat ya zurfafa bincike a kan hasken rana. A 1964, shekarar da littafinsa a kan ilimi a Afirka ya fito, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana da Nijar ta kafa tun 1965, ya shugabance shi har tsakiyar shekarun 1980. Ku duba tafiyar: Sanigal, Gine, Mali, Nijar. Mutumin bai ɗauki iyaka a matsayin katanga ba.

Kuma ONERSOL ba ofishin takardu ba ne. A Yamai ana ƙera tukunyar ɗumama ruwa da rana, murhun rana, na'urar tace ruwa da ta busar da kayan gona, har da gwajin injin da zafin rana ke juyawa. Hannun ƴan ƙasa ke yanka ƙarfen, su ke haɗawa. A wannan zamanin ne kuma aka riƙa kunna talabijin ɗin makarantun karkara da faifan rana, tun duniya ba ta san abin sosai ba. Maƙwabta ma ba barci suke ba. Ƙungiyar CEAO ta ƙasashen yankin masu magana da Faransanci, tare da CILSS, sun kafa cibiyar makamashin rana ta yanki, CRES, a Bamako, da niyyar a yi bincike da ƙira wuri ɗaya don amfanin kowa. Ita CEAO ɗin ce ta kafa makarantar EMIG a Yamai don horar da injiniyoyin yankin. A Sakkwato, jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta buɗe cibiyar binciken makamashi a 1982. Daga 1990 shirin rana na CILSS ya kafa famfunan ruwa masu aiki da rana a ƙauyukan Sahel, har da namu.

To me ya kashe wannan yunƙuri? Abubuwa ne suka taru. Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya bushe, tsare-tsaren tsuke bakin aljihu suka zo, kuɗin bincike na cikin na farko da aka yanke. Wutar Kainji na da arha, don haka ɗan birni bai ga dalilin sayen tukunyar rana ba. Kasuwar ƙasa ɗaya ta yi wa masana'anta kaɗan, ƙasashen kuma ba su buɗe wa juna kasuwa yadda aka yi alkawari ba. Cibiyoyin yanki da kuɗin karo-karo suke rayuwa, karo-karon kuwa ba ya shigowa. A 1994 aka karya darajar Sefa, CEAO ta rushe. Akwai kuma wani gibi da ba a cika faɗa ba: galibin haɗin kan nan na masu Faransanci ne. Tsakanin Sakkwato da Birnin Ƙwanni tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, harshe ɗaya, rana ɗaya, amma mai bincikenmu ya fi sanin hanyar Paris, nasu ya fi sanin ta Landan.

Yau rana ta dawo, sai dai a cikin kwali ta dawo. Tsakanin 2010 da 2020 farashin pano ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya, saboda masana'antun Sin. Gwamnati ta buɗe tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a 2023, a daidai lokacin da ake cikin ƙunci. A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa kuwa, pano da batir sun zama kamar buhun shinkafa. Mai cajin salula na da shi, mai lambu na jan ruwa da shi, gidan likita na ƙauye na ajiye allurar rigakafi da shi. Amma a cikin wannan kaya duka, me muka ƙera? Ko ƙafar ƙarfen da ake ɗora panon wani lokaci shigo da ita ake yi.

Kuma kayan ba don ƙasarmu aka yi su ba. Ƙarfin da aka rubuta a bayan pano an auna shi ne a zafin digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma ta wuce 40, kuma pano na rage ƙarfi in ya yi zafi. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kansa sai ta ci wani kaso. Batirin dalma zafi ke cinye rayuwarsa da wuri. Ga jabu: mu ma mun taɓa haɗa kuɗi muka sayi batir biyu wurin wani ɗan kasuwa, ba su ga damina ta biyu ba, kuma babu inda za mu kai ƙara, don babu wanda ya auna su kafin su shigo. In batirin ya mutu, yara ke fasa shi a bayan gari su narka dalmar, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro. Waɗannan matsaloli iri ɗaya ne a Maraɗi, Katsina, Dori da Gao.

A nan ne tarihin ke mana amfani. Ba mu ce a bar waya ba. Babban layin kilovolt 330 na tsarin musayar wuta na Afirka ta Yamma, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2022 don haɗa Birnin Kebbi, Yamai, Wagadugu da arewacin Benin, abu ne mai kyau, musamman in wata rana mu ma muna da wutar sayarwa. Ba kuma mu ce gobe za mu yi gasa da Sin wajen ƙera pano ba. Amma akwai abin da ke hannunmu. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram, Djibo Hamani ta Tawa, EMIG da lise teknik Dan Kassawa za su iya zama da takwarorinsu na Sakkwato, Katsina, Kano, Wagadugu da Bamako a kan abubuwa ƙanana masu amfani: wurin gwajin pano da batir da kowa zai yarda da hatiminsa, takardar shaidar sana'a da za ta yi aiki a ɓangarori biyu na iyaka, littafin koyon haɗa wutar rana da Hausa, gyaran ondila da famfo maimakon jefarwa, da wurin tara matattun batir. Ƙafafun pano, akwatuna, murhu da na'urar busar da albasar Galmi da tattasan Diffa, duk maƙeranmu za su iya, in aka ba su zane da kasuwa mai faɗi.

Wani zai ce ai mun fita daga CEDEAO tun Janairun 2025, yanzu AES muke. To, hukumar haɗin gwiwa ta 1971 ba ta CEDEAO ba ce, ta girme ta da shekara huɗu. Kuma yaron Maraɗi da ya tafi Kano koyon gyaran lantarki, ko na Jibiya da ke zuwa Dan Issa haɗa wa mutane pano, ba su jira taron shugabanni ba. Haɗin kan yana nan a ƙasa, tsari da gata ya rasa. Kuskuren da ya kashe CRES shi ne an gina ta daga sama, da kuɗin da ba namu ba, babu ɗan kasuwa da mai sana'a a ciki. In za a sake, daga garejin unguwa da ajin lise ya kamata a faro, magadan gari, ƴan kasuwa da ƙungiyoyin masu sana'a su sa hannu.

A 2023 an yanke waya a rana ɗaya, amma babu wanda ya iya ƙwace abin da ke kan yaran da suka hau rufin gidaje suna haɗa pano. Su suka riƙe unguwanni da yawa a waɗannan watanni. Masu wannan sana'a da ke karanta mu, ku faɗa mana: a ina kuka koya, wane kaya ya fi ba ku wahala, me kuke so a fara gyarawa? Za mu tattara amsoshinku mu kai su gaban masu ruwa da tsaki. Allah ya jiƙan Farfesa Abdou Moumouni, ya ba mu damina mai albarka.