Wayar tarho ta intanet da ƙananan 'yan kasuwa a gabashin Sakkwato

Wayar tarho ta intanet, wadda masana ke kira VoIP a taƙaice, hanya ce ta aika muryar mutum ta kafar intanet maimakon layin tarho da aka saba da shi.

Na'urar mai kira ce ke mayar da muryar zuwa bayanai irin na kwamfuta, ta daddatsa su ƙanana-ƙanana, ta tura su. Na'urar mai karɓa kuma ta sake harhaɗa su, su koma magana.

Manhajar Skype, wadda aka ƙaddamar a 2003, ita ce ta fara yaɗa wannan fasaha a tsakanin jama'a, kafin kamfanin Microsoft ya rufe ta a watan Mayun 2025. A arewacin Najeriya dai akasarin mutane sun san ta ne ta hanyar WhatsApp, wanda ya soma ba da damar kiran murya a 2015.

Lambar da ba ta zaune cikin waya

Abin da ake sayar wa 'yan kasuwa ya ɗan zarce kiran WhatsApp. Ɗan kasuwa kan yi hayar lambar waya daga wani kamfani, kuma lambar tana zaune ne a manyan kwamfutocin kamfanin da ke can nesa, tsarin da Turawa suka laƙaba wa sunan gajimare.

Ke nan babu layin da za a sa a waya, babu kuma wata na'ura da za a girka a shago. Idan aka kira lambar, kwamfutocin ne ke tura kiran zuwa duk wayar da mai lambar ya zaɓa.

A misali, dillalin hatsi da ke da rumfa a kasuwar Sabon Birni, da yaro mai saye a Isa, da kuma ɗan'uwa mai karɓar kaya a birnin Sakkwato, zai iya ba abokan ciniki lamba guda. Idan bai ɗauka ba, kiran ya wuce ga yaron, daga nan ga ɗan'uwan.

Idan kuma yaron shago ya bar aiki, lambar da sunayen abokan ciniki suna nan wurin maigida. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya tashi da masu sayen ubangidansa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Batun kan iyaka

Ƙaramar hukumar Sabon Birni tana iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. A cikinta ne kufan Alƙalawa yake, tsohon babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yayin da sarautar Gobir ta Tsibiri ke ɓangaren Nijar.

Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kuma gero da wake da dabbobi sun daɗe suna kai-komo a tsakaninsu. Sai dai a wurin kamfanonin waya, kira daga lambar da ta fara da 234 zuwa mai farawa da 227 kiran ƙasar waje ne, ko da tazarar ba ta wuce tafiyar babur ba.

Kiran intanet bai san wannan iyaka ba. Abin da mutum ke biya shi ne kuɗin data, kuma minti guda na kiran murya ba kasafai yake cin megabayit 1 ba.

Wannan ne amfani mafi girma da fatake suka riga suka gani da idonsu, musamman bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024, tafiya ta yi wuya, sai dai a yi magana ta waya.

A cikin gida ma farashi ya tashi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Darasin 2021

A farkon watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara, a wani yunƙuri na hana 'yan bindiga magana da masu kai musu bayanai. Ranar 20 ga watan matakin ya iso ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni.

Ciniki ya tsaya cik a wurare da dama, domin tura kuɗi ta banki da na'urorin POS duk a kan waɗannan layuka suka dogara. Mazauna garuruwan kan iyaka sun koma neman layukan kamfanonin Nijar, waɗanda ake samu a wasu wurare.

Bayan harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban shekarar, inda mutane fiye da 40 suka rasu, gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya nemi a sake duba matakin, saboda ya hana jama'a sanar da jami'an tsaro idan an kawo hari.

A irin wannan hali lambar intanet ba ta mutuwa, tun da ba a kan turakun yankin take ba. Wani ɗan'uwa a Sakkwato ko Kano zai iya ci gaba da amsa masu saye, ko a karkatar da kiran zuwa layin Nijar.

Amma shi ɗan kasuwar da ke zaune a Isa ba abin da za ta tsinana masa, domin turakun da ke ɗauko kira su ne ke ɗauko data. Masu tallar wannan fasaha ba su cika faɗin haka ba.

Haka lamarin yake ga wanda hare-hare suka raba da garinsu, ko aka ƙwace masa waya a hanya. Muddin yana riƙe da kalmar sirrinsa, zai buɗe asusunsa a wata wayar ya tarar da sunaye da tarihin kiraye-kirayensa.

Abin da take buƙata

Kiran intanet na son sabis mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin isar murya ya wuce milisakan 150. Idan ya zarce haka sosai, masu magana kan riƙa katse juna.

A ƙauyen da layin 2G kaɗai ke kamawa, kira na yau da kullum ya fi tabbas. Shi ya sa saƙon murya ya fi karɓuwa a karkara, domin yana jira har a samu sabis, kuma ba ya buƙatar iya karatun boko.

Ana kuma buƙatar babbar waya da wutar cajinta, ga kuɗin haya da ake biyan kamfanin duk wata. Ba a iya kiran lambar agajin gaggawa ta 112 da WhatsApp, don haka layin salula bai zama abin yarwa ba.

Intanet ta tauraron ɗan'adam, irin ta Starlink da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ba ta dogara da turakun yankin ba, sai dai kuɗin na'urarta ya fi ƙarfin mai ƙaramar rumfa.

Ga mai tireda guda, layinsa da manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018 kuma kyauta ce, sun wadatar. Hayar lamba ta fi dacewa da dillalai, da masu motocin ɗaukar kaya, da shagunan magani, da ƙungiyoyin manoma masu wakilai a garuruwa da dama.