Wayar Salula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Ƙauyukan Abuja: A Hannun Wa Ya Kamata Ta Kasance?

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta samu, amma ƙarancin likitoci yana nan: ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'umma ta haura miliyan 200. Na Abuja kuwa galibi suna manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Kafin manomin Abaji ya kai gabansu, kuɗin mota ya cinye na magani.

Shi ya sa ake cewa waya ce mafita. Na yarda, amma hujjata ita ce fasahar ta fi amfani a hannun jami'in lafiya na matakin farko fiye da hannun majinyaci.

A dubi mai jego a wani ƙauyen Kwali, wadda barci ya ƙaurace wa, abinci ya fita ranta. "Tunani ya yi mini yawa," iyakar abin da za ta ce ke nan, dangi kuma su ce iska ce ko sammu. Wayar gidan ƙarama ce mai madannai, ta maigida ce, a shagon mai caji take wuni. Manhajar da ke tambaya cikin rubutaccen Turanci ba da ita take ba. Saƙon da aka turo mata kuma wani zai riga ta karantawa, alhali a wannan ciwo, asiri ya tonu, majinyaci ya gudu.

Akwai turbar da aka riga aka share. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali, daga baya ta fitar da jagoran shirin a matsayin manhajar waya. Jami'ar lafiyar da ta san majinyaciya, take kuma jin Gbagyi ko Hausa, tana iya bin matakan, ta kira likita a Gwagwalada idan abin ya fi ƙarfinta, ta kuma tuna ranar dawowa. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da na addu'a. Wannan ya shafe mu sosai, domin wurin malam ake fara zuwa, kuma malam yana da waya.

Kirana ga Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Babban Birnin Tarayya shi ne ta fara da ƙananan asibitocin Abaji, Kwali da Kuje: ta horar da jami'ai, ta tanadar musu waya da wutar sola, ta ware likitan da zai amsa kiransu, sannan ta tabbatar akwai magani a ɗakin magani.