Daga Turu Zuwa Gadon Asibiti: Tarihin Kula da Masu Taɓin Hankali a Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin ƙasar Rano sun fi mayar da hankali ga sarauta da yaƙe-yaƙe da matsayin garin a cikin Hausa Bakwai. Ba kasafai ake waiwayar yadda mutanenmu suka riƙa kula da marasa lafiya ba, musamman masu taɓin hankali, duk da cewa da wuya a sami zuri'ar da wannan jarrabawa ba ta taɓa ba. Abin da nake so in bi diddiginsa a nan shi ne tambaya guda: idan mai taɓin hankali ya fusata har ya kai duka, me muke yi masa, kuma me ya sa ya fusata tun farko? Na haɗa abin da na gani da idona, da abin da na ji daga bakin dattawa, da kuma abin da binciken ma'aikatan jinya ya gano.

Zamanin Turu da Mari

A farkon shekarun 1970, lokacin ina firamare, akwai wani ƙanen mahaifina a ƙauyenmu da ke tsakanin Rano da Kibiya, wanda ciwon ya kama bayan rasuwar matarsa. Da farko barci ne ya ƙaurace masa, sai yawan surutu, daga nan ya fara fita da dare. Ran da ya jefi wani maƙwabci da taɓarya, dattawan gida suka yi shawara da mai unguwa, aka sa shi a turu.

Ga yaran yanzu da ba su san turu ba, gungumen itace ne mai nauyi da ake huda shi, a zura ƙafar mutum a ciki, a datse. Mari kuwa ƙarfe ne da maƙeri ke ƙerawa a ɗaure ƙafafu da shi, wani lokaci a haɗa da sarƙa. Baffa ya yi watanni a wani ɗaki kusa da zaure. Ana kawo masa rubutu, ana tofi, ana turara masa hayaƙi, domin a wancan lokaci kusan kowa ya ɗauka iskoki ne. Wasu gidajen kuma wajen boka ko 'yan bori suke nufa.

Ya kamata a yi wa iyayenmu adalci. Sun ɗaure shi ne don tsoron kada ya faɗa rijiya, ko ya ɓace a daji, ko ya raunata wani a kai su gaban alƙali. Ba su kuma yar da shi ba, domin shari'a ta ɗauke wa mai hauka alƙalami, ta ɗora wa danginsa nauyin ci da shansa da suturarsa. To amma akwai abin da na lura da shi tun ina yaro. Idan samari suka shiga da tsawa, sai Baffa ya yi ta fizge-fizge da zagi har ƙafarsa ta yi jini. Idan kakarmu ce ta shiga da ƙwaryar fura, ta zauna a ƙasa, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana ƙarami, sai ya karɓa ya sha, har su yi hira.

Zamanin Turawa da En'e

Zuwan Turawa bai kawo magani nan da nan ba. Sun buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, da na Yaba a Ikko a 1907, sannan suka kafa doka a kan masu hauka a 1916, wadda aka sabunta a 1958. Manufar dokar ita ce a tsare mutum don kare jama'a daga gare shi. A Arewa kuwa, wanda ya gagari danginsa, daga dagaci zuwa hakimi ake bi da shi, yawanci kuma ya ƙare a gidan yari ko wani keɓaɓɓen wuri a ƙarƙashin En'e. Wato dai an ɗauke shi daga turun gida zuwa marin hukuma, inda babu ko kakar da za ta kawo masa fura. Rahoton da likita Cunyngham Brown ya gabatar a 1938 a kan yankunan Ingila na Afirka ta Yamma ya nuna munin halin da irin waɗannan wurare suke ciki.

Ba mu kaɗai muka bi ta wannan hanya ba. A Faransa sai a 1797 wani mai kula da majinyata, Jean-Baptiste Pussin, ya cire wa mazauna asibitin Bicêtre sarƙa, likita Philippe Pinel kuma ya yaɗa wannan tsari. A Ingila, likita John Conolly ya hana ɗaure majinyata a asibitin Hanwell a 1839. Abin da suka gani iri ɗaya ne: da yawa daga waɗanda ake tsoro, da aka kwance su sai suka lafa. Tun kafin su ma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen jinyar masu taɓin hankali.

Darasin Aro

Babban canji ya zo a shekarun 1950. A 1952 likitoci a Faris suka fara amfani da maganin da aka fi sani da Largactil, wanda ke kwantar da ruɗewa da jin muryoyi. A 1954 kuma Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a wannan fanni, ya ɓullo da tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyaci, sai a kama masa masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, tare da wani daga danginsa da zai riƙa yi masa girki da wanki. Yana zuwa asibiti ya karɓi magani, ma'aikatan jinya kuma suna cikin ƙauyen suna lura da shi. Wannan aiki ya ɗaukaka sunan Lambo har ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai karatu zai lura cewa abin da Lambo ya yi shi ne ya jefar da turu, ya riƙe dangi, ya ƙara da maganin zamani.

A Jihar Kano, asibitin Dawanau ne ya zama matattarar masu wannan ciwo, har sunan ya shiga bakin jama'a ana yi wa juna ba'a da shi. Daga baya aka sami sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga mutumin Rano ko Kibiya, zuwa Dawanau na nufin ya shigo birni daga kudu, ya ratsa shi, ya fita ta hanyar Katsina, da mara lafiya a mota. Wahalar tafiya da kuɗin mota da kunyar idon jama'a su ne suka sa mari ya daɗe a ƙauyukanmu.

A shekarun 1980, ina ƙaramin ma'aikaci, ciwon Baffa ya tashi, muka kai shi wani asibiti a Kano ɗaure da igiya, mu huɗu muna danne da shi. Wani ma'aikacin jinya, dattijo, ya tare mu ya ce mu ja da baya. Ya tsuguna ya ce, "Baba, sannu da hanya. Ka ci abinci kuwa yau?" Baffa ya ce tun jiya ba a ba shi ko ruwa ba. Kunya ta kama mu, domin gaskiya ya faɗa. Aka kawo ruwa, aka kwance igiyar, aka yi masa bayanin allurar da za a yi masa, ya miƙa hannu da kansa. Bayan 'yan makonni ya koma gida, ya ci gaba da noma yana shan magani har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da Binciken Ma'aikatan Jinya Ya Gano

Likita yakan duba majinyaci na ɗan lokaci ya wuce, amma ma'aikacin jinya shi ne ke kwana da tashi da shi. Saboda haka su ne suka fi bincike a kan faɗa a ɗakunan kwanciya. Tun a 1952 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Hildegard Peplau, ta koyar da cewa dangantakar ma'aikaci da majinyaci ita kanta magani ce.

Bincike ya nuna cewa mafi yawan waɗanda ake kwantarwa ba sa dukan kowa. Sannan idan rikici ya tashi, abin da ya fi yawan tayar da shi shi ne mu'amala tsakanin ma'aikaci da majinyaci: a hana shi fita ba bayani, a yi watsi da buƙatarsa, a tilasta masa magani, ko a yi masa tsawa gaban mutane. Cunkoso da hayaniya da zaman banza su ma suna ƙara rura wutar.

A ƙasar Norway an tsara wani ma'auni mai suna Brøset, mai alamomi 6 da ke nuna yiwuwar faɗa cikin awa 24: ruɗewa, saurin fushi, hayaniya, barazana da baki, barazana da jiki, da dukan kayayyaki. Idan aka ga alamun da wuri, sai a shawo kan abin da lallami. A Ingila kuma Farfesa Len Bowers, wanda shi ma ma'aikacin jinya ne, ya fito da tsarin Safewards mai matakai 10, kamar tausasa harshe, da sanin juna tsakanin ma'aikata da majinyata, da iya isar da labari mara daɗi, da kwantar da hankalin sauran majinyata bayan an yi rikici. An gwada shi a ɗakunan kwanciya 31 na asibitoci 15, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna rikici ya ragu da kashi 15 cikin 100, matakan tilastawa kamar dannewa da kullewa kuma suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ba ana nufin babu haɗari ba ne. Ana raunata ma'aikatan jinya, kuma akwai lokacin da dole a riƙe majinyaci don ceton rai. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne riƙewar ta zama mataki na ƙarshe, na ɗan lokaci, da ido a kansa.

Kammalawa

Mari bai zama tarihi ba tukuna. A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, ƙungiyar Human Rights Watch kuma ta fitar da rahoto a kan ɗaure masu taɓin hankali a Nijeriya a shekarar. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince da haƙƙin majinyaci.

Sai dai doka ba ta shiga ɗakin da ke bayan zaure sai da taimakon mutanen gari. Ina kira ga malaman makaranta su hana yara jifa da tsokanar masu wannan lalura, su kuma lura da ɗalibin da ya daina barci ko ya keɓe kansa. Ina roƙon dattawa da masu unguwanni da limamai su ƙarfafa wa iyalai gwiwar zuwa asibiti da wuri, domin addu'a ba ta hana neman magani. Wanda kuma yake da irin wannan majinyaci a gida, kafin ya aika a kira maƙeri, ya fara tambayarsa ko ya ci abinci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.